Fashin Baƙi: Wane fikof ne a jikin jitar bes ɗinka, kuma canza shi zai biya buƙata?

Tambaya biyu ce ba ta ƙarewa a bakin makaɗan bes, wato jita mai kaurin murya. Wani ya sayi jita ta hannu, ya tarar da wasu baƙaƙen abubuwa biyu kwance a ƙarƙashin tsirkiya, babu suna babu lamba, yana son ya san na wane kamfani ne. Wani kuma tasa jitar ce ta ishe shi, sautinta ya dushe ko tana gurnani, sai aka ce masa ya cire fikof ɗin ya ɗaura na Seymour Duncan ko na EMG, shi ke nan magana ta ƙare. Idan ka saurari amsoshin da ake ba mutanen nan biyu, za ka lura kowa sunan abin da ke jikin tasa jitar yake kira. Na ce wane ya fi, kai ka ce wane ya fi, a tashi ba a tsinana wa mai tambaya komai ba.

To yaya ake gane fikof, kuma da me ake auna wani da wani? Ra'ayina shi ne sunan kamfani shi ya kamata ya zo ƙarshe. Kafin shi akwai girman ramin da ke jikin katako, akwai wurin da ramin yake, akwai kayan lantarkin da fikof zai tarar a ciki. Mafi yawan kuɗin da ake ƙonawa a wannan harka, a kan tsallake waɗannan ukun ake ƙona su.

Shi fikof ɗin mene ne?

Ba motar ɗaukar kaya ake nufi ba, ko da yake sunan ɗaya ne a baki. Fikof shi ne maɗaukin sautin jita mai lantarki. Abu biyu ne a cikinsa: maganaɗisu, da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa a kewayensa sau dubbai, wato koyil. Wayar da aka fi amfani da ita kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, kusan silin gashi. Maganaɗisun yana kama tsirkiyar ƙarfe da ke samansa, idan tsirkiya ta yi rawa sai ta dagula ƙarfinsa, wannan dagulawar ce ke haifar da 'yar wuta a cikin koyil, amfulifaya ta karɓa ta kumbura ta. Michael Faraday na Ingila ne ya gano wannan ka'ida a 1831, shekara ɗari kafin a ɗora ta a kan jita.

Ke nan fikof ba makirfo ba ne. Ba iska yake saurare ba, ƙarfe yake ji. Ka ɗaura tsirkiyar roba zalla, ba zai ce uffan ba.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne mazauni. Tsirkiya ba ta rawa daidai a duk tsawonta. Kusa da jaki, wato ƙarfen da ke tallafe tsirkiyoyi a gindin jita, rawarta 'yar kaɗan ce, sautin da ake ɗauka a nan siriri ne mai kaifi. Can wajen wuya kuwa tana lilo sosai, sautin ya fito da kauri da nauyi. Don haka fikof guda ɗaya, idan ka matsar da shi ɗan yatsa biyu, ya zama wani daban. Kamfanin Fender ya matsar da fikof na baya na Jazz Bass kusan santimita ɗaya zuwa wajen jaki a farkon shekarun 1970, kuma har yau makaɗa na rarrabe sautin na 60 da na 70. Duk tsadar fikof ɗin da ka sayo, a ramin da aka fafe tun a masana'anta zai zauna.

Dangi huɗu da suka cika kasuwa

Na farko shi ne dangin P, daga sunan Precision Bass. Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 a Kalifoniya, da fikof mai koyil ɗaya. A 1957 aka canza shi zuwa siffar da kowa ya sani yanzu: ɓari biyu a karkace, ɗaya yana ɗaukar tsirkiyoyin E da A daga wajen wuya, ɗayan yana ɗaukar D da G daga wajen jaki. Kowace tsirkiya tana da idon maganaɗisu biyu, wato 'yan kawunan da ke leƙowa a saman fikof. Dabarar da ke ciki ita ce an naɗa koyil ɗin biyu a akasin juna, an kuma juya kan maganaɗisunsu. Gurnanin da wayoyin wutar gini ke watsawa, mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasa, yana shiga ɓari biyun a kife, sai ya kashe kansa, sautin tsirkiya kuwa ya tsira. Shi ya sa P ba ya ƙugi. Sautinsa dunƙulalle ne, ƙarfinsa a tsakiya yake. Wanda ya saurari makaɗin bes James Jamerson a faya-fayan kamfanin Motown na Amurka ya ji shi a ainihinsa.

Na biyu dangin J ne, daga Jazz Bass ta 1960. Dogaye ne sirara guda biyu, kowanne koyil ɗaya da ido takwas. Kowanne shi kaɗai yana gurnani. Idan ka buɗe boliyum ɗinsu duka biyu har ƙarshe sai gurnanin ya ɗauke, domin an naɗa su a akasin juna kamar ɓarin P. Mutane da yawa suna rage ɗaya, su ji zuuu, su ɗauka jita ta lalace. Ba ta lalace ba, halinta ke nan tun haihuwa. Wannan sauti mai hanci da aka san makaɗin bes Jaco Pastorius da shi, daga fikof na jaki na J yake fitowa.

Na uku shi ne na Music Man StingRay ta 1976: ƙato ne mai koyil biyu kafaɗa da kafaɗa, da manyan idanu takwas, an dasa shi can wajen jaki. Irin wannan mai koyil biyu a gida ɗaya ana ce masa hambaka, ma'ana mai kashe gurnani. Seth Lover ne ya tsara wa Gibson nasa a tsakiyar shekarun 1950.

Na huɗu kuma, wanda ya fi rikita mutane, shi ne wanda ake kira sandar sabulu saboda siffarsa: baƙin akwati sumul, babu ido ko ɗaya a waje. A nan ne gizo ke saƙa. Sandar sabulu ba irin sauti ba ce, kwali ne kawai. Abin da ke ciki zai iya zama tsarin J, zai iya zama tsarin P, zai iya zama hambaka. EMG, alal misali, suna da 35J da 35DC, girmansu ɗaya a waje, cikinsu daban. Saboda haka idan wani ya ce maka “ni sandar sabulu nake so,” bai riga ya faɗi komai a kan sauti ba.

Akwai ƙananan dangi, irin na Rickenbacker 4001 da 4003, da wani ƙaton na wuya na Gibson EB-0 da ya yi suna wajen sauti mai laka. Waɗannan kowanne da girmansa, masu yi musu madadi kuma ba su da yawa.

Sai gauraye, wato PJ: P a tsakiya, J a wajen jaki. Yana da farin jini, amma yana da matsala biyu da masu saye ke mancewa. P ya fi J ƙara, don haka idan ba a zaɓe su tare ba ɗaya zai danne ɗaya. Kuma tun da P ya riga ya kashe nasa gurnanin shi kaɗai, J ɗin ba shi da abokin da zai kashe masa nasa. Maganin shi ne J mai koyil biyu a ɓoye, ko dai a tsage gefe da gefe ko ɗaya bisa ɗaya.

Yadda ake gane wanda ke jikin jita

Daga sama abin da za ka gani kaɗan ne. Murfin roba ba shaida ba ne, domin ana sayar da shi shi kaɗai. Amma akwai alamun da ke taimakawa. Idanu manya masu faɗin kwatan inci, wato milimita 6 da ɗoriya, a jikin P ko J, suna nuni da Quarter Pound na Seymour Duncan, wanda na P ɗinsa ke da lamba SPB-3, ko kuma mai kwaikwayonsa. Idanu masu rami mai kusurwa shida da ake juyawa da ɗan makulli, musamman a murfi mai launin madara, alamar DiMarzio ce, Model P ko Model J. EMG da Bartolini sukan buga sunansu a kusurwa, sai dai yatsa yakan goge shi da daɗewa.

Gaskiyar tana ƙasa. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka shimfiɗa tsumma a kan fenti, ka kwance sukurori, ka ɗago fikof ɗin a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, domin wayarsa gajera ce kuma sosan da ke ƙarƙashinsa yakan manne da katako. Ka juya shi. Idan ka ga baƙar sandar maganaɗisu an manna ta a gindi, idanun kuma ƙarfe ne kawai da ke aro ƙarfi daga gare ta, to na siramik ne, irin da aka fi samu a jitoci masu sauƙin kuɗi. Idan babu sanda, idanun sun ratsa daga sama har ƙasa, to su kansu ne maganaɗisun, kuma galibi alniko ne, wani haɗin ƙarafa da za mu zo kansa. Idan gindin duka an cike shi da baƙin danƙo mai tauri, ba ka ganin komai sai waya ko ƙananan fil, to rufaffe ne irin na EMG ko Bartolini, ba a buɗe shi sai an fasa. Ka duba takardar manne, hatimi, ko rubutun fensir. Tsofaffin na Fender ana gane zamaninsu da launin faifan gindi: baƙi ne har zuwa wajen 1964, daga nan ya koma ruwan toka.

Sannan ka ƙirga wayoyi. Biyu na nufin tsari mai sauƙi. Huɗu na nufin koyil biyu da aka fito da bakin kowanne waje domin a haɗa su yadda aka ga dama. Idan akwai wadda ta nufi batir, wannan wani zance ne da za mu zo kansa.

Idan duk ka yi wannan ba ka samu suna ba, kada ranka ya ɓaci. Ɗimbin jitocin duniya fikof ɗinsu ba shi da suna, masana'antar da ta haɗa jitar ce ta naɗa shi ko ta saro shi. Kuma ko da akwai suna a yi hattara. Bartolini MK1 da ke zuwa a jikin wasu jitocin Ibanez da Cort ana yin sa ne a Asiya da izinin kamfanin, ba ɗaya yake da wanda ake naɗawa a Kalifoniya ba. Ga kuma jabu, waɗanda kwalinsu da tambarinsu ba su da maraba da na gaske. Ga mai son canji dai, sanin dangi da girma da yawan waya ya fi sanin suna amfani.

Rula kafin kunne

Ni kaina na sha wannan. Na taɓa sayen J guda biyu domin wata jita mai siffar Jazz da ba ta wani sanannen kamfani ba. Na zauna da dare, na narka dalma, na cire tsofaffin. Na wuya ya faɗa raminsa kamar don shi aka fafe. Na ɗauko na jaki, na ɗora, ya tsaya a bakin rami ya ƙi shiga. Na juya shi, na danna, na sake juyawa. Da na ɗauko rula, abin da ya kamata in fara ɗaukowa mako biyu kafin nan, sai na ga milimita uku ce ta raba mu. Ramukan jitar duka biyu gajeru ne. Na yi cinikin biri a sama, na kwana da jita a buɗe.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a tsarin Fender na asali fikof biyun J ba tsawonsu ɗaya ba. Na wuya kimanin milimita 92 ne, na jaki kimanin 95, saboda tsirkiyoyi suna ƙara warewa yayin da suke gangarowa jaki. Amma ba kowace jita ke bin wannan ba. Har wasu Jazz Bass na Fender da aka ƙera a Meziko a shekarun 1990 gajeru biyu suke ɗauka. Idan aka zo kan mai tsirkiya biyar kuwa, babu wata ƙa'ida ɗaya, kowane kamfani da awonsa.

Sandar sabulu ta fi haka sarƙaƙiya. Lambobin EMG tsawo suke faɗa: 35 inci uku da rabi ne, wajen milimita 89, 40 inci huɗu, 45 inci huɗu da rabi, faɗinsu duka inci ɗaya da rabi. Bartolini kuma da nasu haruffan, BC da BD da P2 da sauransu, kuma faɗinsu ba lallai ya zo ɗaya da na EMG ba. Kamfanoni irin su Nordstrand da Aguilar da Delano na Jamus sukan yi fikof ɗaya a kwali daban-daban domin ya shiga waɗannan ramuka.

Abin awo huɗu ne: tsawo, faɗi, zurfin rami, da wurin da sukurori ke shiga. Zurfi shi ake yawan mancewa, alhali J mai koyil ɗaya bisa ɗaya yakan fi na asali tsayi. Sai na biyar, tazarar tsirkiya. A mai tsirkiya huɗu galibi milimita 19 ce a kan jaki, a mai biyar tana iya zama 16.5 ko 17 ko 18 ko 19. Idan idanun fikof ba su zauna ƙarƙashin tsirkiyoyi ba, wata za ta yi ƙara wata ta shaƙe. Fikof mai doguwar sandar ƙarfe a maimakon idanu ba ruwansa da wannan, shi ya sa ya fi sauƙin sha'ani ga mai tsirkiya biyar.

Za a iya faɗaɗa rami, amma katakon da aka sassaƙe ba ya dawowa.

Lambar om da ake talla da ita

Duk inda ake sayar da fikof za ka ga an rubuta, misali, 10.5k ko 12.5k, wato kilo-om, mutane kuma sun ɗauka wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi ƙara. Wannan rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya rage shi ke jawo asara.

Lambar tana auna yadda waya ke tare wuta ne kurum, wato tsawonta da kaurinta. Idan fikof biyu dangi ɗaya ne, waya iri ɗaya, maganaɗisu iri ɗaya, to mai babbar lamba ya fi yawan naɗi, zai fi ƙara, kuma zai rasa wani abu na kaifi, domin yawan naɗi yana saukar da sauti zuwa tsakiya. A nan lambar tana da amfani. P na gargajiya yakan faɗo wajen kilo-om 10 zuwa 11, J kuma wajen 7 zuwa 9.

Da zarar an fita daga dangi ɗaya, lambar ta zama labari. Waya mafi siranta tana ba da babbar lamba ko da yawan naɗin bai ƙaru ba. Ka ɗauki hambaka mai koyil biyu, kowanne kilo-om 5. Ka haɗa su a jere, wuta ta bi ɗaya ta shiga ɗaya, mita, wato na'urar awon om, za ta nuna 10. Ka haɗa su gefe da gefe, za ta nuna 2.5. Fikof ɗaya ne, lamba biyu. Na StingRay lambarsa ƙarama ce ƙwarai, amma babu wanda ya taɓa jin StingRay ya ce ba ta da murya. Har zafin ɗaki yana taɓa ta, domin jan ƙarfe yana ƙara kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Fikof mai 10 a ɗaki mai sanyi zai nuna wajen 10.4 idan zafi ya ƙaru da digiri goma. Idan kuma ta bakin kebul ka auna ba ka cire shi ba, boliyum ɗin zai ci wani abu, mai 11 ya nuna maka 10.5. Na ga waɗanda suka yi rigima da mai sayarwa a kan ɗan wannan bambanci.

Babban aikin mita a wajena shi ne ta gaya maka ko koyil na da rai. Idan ta nuna babu hanya sam, waya ta tsinke a ciki. Irin wannan ana iya sake naɗa shi, kuma ga tsohuwar jita mai daraja hakan ya fi sayen sabo.

Maganar maganaɗisu ma an cika mata gishiri. Alniko haɗin alminiyam ne da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, lamba 5 aka fi amfani da shi a bes. Siramik ya fi arha, shi ya sa ake masa kallon na talaka. Amma DiMarzio Model P siramik ne, kuma tun shekarun 1970 manyan makaɗa ke ɗaura shi. Ana kuma amfani da niyodimiyam mai tsananin ƙarfi. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda aka daidaita maganaɗisu da naɗi, ba sunan ƙarfen ba.

Jita mai batir da fikof mai batir ba abu ɗaya ba ne

Wannan rikicin ya fi kowanne yaɗuwa. Mutum ya ga ramin batir a bayan jitarsa sai ya yanke cewa fikof ɗinsa mai batir ne. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Fikof ɗin na gargajiya ne, batir ɗin kuma yana ciyar da wata 'yar amfulifaya ce da ke cikin jita, wadda ke ba ka damar ƙara kauri ko kaifi. StingRay haka take tun 1976. A irin wannan jita kana iya canza fikof ka bar 'yar amfulifayar, ko ka canza ta ka bar fikof, kuma sau da yawa ita ce mai laifin da ake ɗora wa fikof.

Fikof mai batir na haƙiƙa, irin wanda EMG na Rob Turner suka yi suna da shi, amfulifayarsa a cikin kwalinsa take. Shiru yake, ba ya damuwa da tsawon kebul. Amma ɗaura shi a jita marar batir ba cire wannan sa wancan ba ne. Boliyum na gargajiya 250k ne ga P da J, 500k ga yawancin hambaka, shi kuwa 25k yake so. Soket ɗin kebul ma sai an canza zuwa mai ƙafa uku, domin shi ne makunnin batir: ka soka kebul wuta ta kama, ka zare ta ɗauke. Wanda ya bar kebul a jiki dare da rana zai riƙa canza batir yana zagin kamfani. Sannan sai an nemi wurin da batir mai bolt 9 zai kwanta, abin da ke da wuya a matsattsen ramin Jazz Bass. Kuma ba kowane EMG ke cin batir ba, suna da marasa batir, kamar jerin HZ.

Masu cewa a canza da masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Masu goyon bayan canji hujjarsu mai ƙarfi ce. A jita mai sauƙin kuɗi, kayan lantarki nan ne masana'anta ke rage kashe kuɗi. Idan katakon lafiyayye ne, wuya miƙaƙƙe, hannunka ya saba da ita, sabon fikof zai iya ɗaga ta sosai, kuma ya fi sayen wata jitar sauƙi. Akwai kuma matsalolin da fikof ne kaɗai maganinsu: koyil da ya mutu, ko wanda naɗinsa ya saki yake fito mai tsini idan an ƙara murya, ko gurnanin J ga mai aiki a ɗakin ɗaukar sauti.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa mafi yawan abin da ake kuka da shi ba daga fikof yake ba, kuma ni na fi karkata gare su. Sautin da ya dushe, tsofaffin tsirkiyoyi ne farkon abin zargi, kuma bambancin tsirkiya mai santsi da mai kaushi ya fi bambancin P na wannan kamfani da P na wancan nesa ba kusa ba. Zizar da ke ɗaukewa idan ka taɓa tsirkiya, ta dawo idan ka saki, galibi rashin shimfiɗar ƙarfe mai kare gurnani ne a cikin rami. Idan kuma taɓa tsirkiyar ba ya rage ta ko kaɗan, a duba wayar at, wato wayar ƙasa mai kwashe ziza, da ke zuwa jaki. Ƙarar ƙaras-ƙaras idan ana juya boliyum datti ne. Tsirkiyar da ta fi 'yan'uwanta ƙara, sukuru biyu na daidaita tsayin fikof ne maganinta.

Ta fuskar aljihu, kuɗin fikof ba ya dawowa idan aka tashi sayar da jita. Mai saye kuɗin jitar yake biya, ba na abin da ka ƙara mata ba. A tsohuwar jita ta tarihi kuwa, cire na asali rage mata daraja yake yi.

Kwatanci na adalci, da abin da ke biyo bayan ɗaurawa

Bidiyon gwaji yana da amfani kaɗan, amma a san iyakarsa. Tsirkiyar E a sake tana bugu wajen 41 ne a daƙiƙa, B ta mai tsirkiya biyar wajen 31, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da ko kusa da wannan. Ga hannun mai kaɗawa daban, jita daban, tsirkiya daban. Sannan kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: abin da ya fi ƙara da kaɗan, sai ya ce ya fi daɗi. Fikof mai yawan naɗi yakan ci gasa da wannan kaɗai.

Idan kana son gaskiya, ka ɗauki sautin jitarka kafin ka taɓa komai: kiɗa ɗaya, kebul ɗaya, tsirkiyoyin nan dai. Bayan canji ka maimaita, ka daidaita ƙarar biyun, ka ba wani ya kunna maka ba tare da ya faɗa maka wanne ne wanne ba. Ka kuma saurare shi tare da ganguna da sauran kayan kiɗa. P da ake raina wa idan shi kaɗai ne, a cikin taro yake nuna kansa, wani kuma mai ƙyalƙyali a ɗaki sai ya ɓace da zarar mai ganga ya shigo.

Wajen haɗa waya kada ka dogara da launi. A hambaka mai waya huɗu, baƙa ce mai ɗaukar sauti a tsarin Seymour Duncan, ja ce a tsarin DiMarzio. Idan ka gauraya na kamfani biyu, kowanne shi kaɗai ya yi daɗi amma tare sautin ya rame kamar ana magana ta hanci, to suna ture juna ne, sai ka musanya wayoyi biyun ɗaya daga cikinsu.

Saura tsayi. Ka danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuya, ka auna tazarar da ke tsakaninta da fikof. Wajen milimita 3 a ɓangaren masu kauri, 2 da ɗoriya a ɓangaren sirara, nan ake farawa, daga nan kunne ya karɓa, rabin juyi rabin juyi. Idan ya matso da yawa maganaɗisu zai riƙe tsirkiya, sautin ya riƙa rawa yana mutuwa da wuri. Idan sosan ƙasa ya mutu ya daina turo fikof sama, ka sa sabo tun jita na buɗe. Tsofaffin kuma ka zuba su a leda tare da sukurorinsu, ka rubuta wanne ne na wuya wanne na jaki, domin bayan shekara biyu ba za ka tuna ba.